Mai Askin da Ya Kasa Korar Surukinsa

Ƙanin mijina mai aski ne, kuma a iya sanina sau ɗaya aka taɓa kayar da shi a gardama. Mahauci ne ya kayar da shi, da rabin kai.

Wata safiya ce, washegarin ranar da ƙungiyar ƙwallon garinmu ta sha kashi a gida. Mahauci ya shigo aski, ya zauna, aka ɗaura masa ƙyalle a wuya. Gogan naku ya kunna kilifa ya share masa ɓangaren dama tas, daga goshi har ƙeya, sannan ya kashe ya ce, "To, mai nama, kocin nan namu fa? A kore shi ko a bar shi?"

Mahauci ya ce a bar shi, mutumin ko gama sanin sunayen 'yan wasa bai yi ba.

"Ban ji ba."

"Na ce a bar shi."

Sai ya rataye kilifa a ƙusa, ya naɗe hannu a ƙirji. "To ni ma na bar ka. Ranar da hankalinka ya dawo, ka dawo in ƙarasa."

Wannan dabarar ba ranar ya fara ta ba. Ba ya tayar da zancen koci sai ya kai tsakiyar kan mutum, kuma duk taurin kan namiji, in ya ga kansa a madubi rabi fari rabi baƙi, yakan gano cewa lallai kocin nan bai iya ba. Amma mahauci ya miƙe, ya juya hagu ya juya dama a gaban madubi, ya ce kai, ya yi kyau. Ya cusa hularsa a aljihu ya koma teburinsa a kasuwa. Duk wanda ya zo sayen nama ya tambaye shi me ya same shi, sai ya ce, "Sabon yayi ne. Aikin ƙwararre. Shagonsa na nan jikin na mai ɗinki, in kana so."

Kafin mako ya zagayo, shagon aski ya zama wurin hutawar ƙudaje. Da idona na ga ƙanin mijina ya zuba aska da almakashi a jaka ya nufi kasuwa yana sanɗa. Mahauci bai yarda ya ba da kansa ba sai da ya sa shi ya faɗa da ƙarfi, a gaban masu kifi da masu tumatir, cewa a bar koci ya yi aikinsa. Ya faɗa kamar mai haɗiyar magani ba ruwa. Ba a jima ba aka kori kocin dai, don haka har gobe in ka tambaye shi zai ce maka shi ya ci gardamar.

Ni ce mai ɗinkin da mahauci ya ambata. Tsakanin kekena da kujerarsa falle ɗaya ne na katako, kuma katako ba ya riƙe sirri. Ban taɓa taka filin wasa ba, amma na san wanda gwiwarsa ta lalace, na san golan da ke rufe ido in ƙwallo ta taho, na san alƙalin wasan da ya kamata a kai asibitin ido. Duk a bakin Akore na ji. Sunan da gari ya sa masa ke nan, don ba a taɓa kawo kocin da bai ce a kore shi ba. Wani ma tun yana sauke jakarsa daga mota ya dubi tafiyarsa ya ce wannan ba zai kai mu ko'ina ba.

Halin ba a ƙwallo ya samo shi ba. Da aka kawo ni gidansu yana ɗan makaranta, kullum sai ya dawo da labarin malamin da ya kamata a sallama. Ni kaina ya sha ba yayansa shawara a kaina, wai gishirina ya yi yawa. Yayan nasa ya riga mu gidan gaskiya, ni kuwa ga ni nan, ni kaɗai ce kocin da ya gagare shi.

Da ya girma sai bakin ya samu aiki. Magoya bayan ƙungiya suka mai da shagonsa majalisa: benci biyu, fanka mai kuka kamar akuya, hotunan 'yan wasa da rana ta cinye musu fuska. Duk sanda abin ya ishe su, a nan suke haɗuwa su yanke cewa a je a ga shugaban ƙungiya, kuma Akore ne mai magana. Yakan sa rigarsa mai aljihu biyu, ya goge takalmi, ya shiga gaba. Shugaban ƙungiya kuwa mutum ne mai son zaman lafiya. In hayaniya ta yi yawa a ƙofar ofishinsa, koci ne ke biyan kuɗin sabulu.

Amma kar ku ɗauka mutumin baki ne kawai. Matarsa ta rasu ta bar masa 'ya'ya, mazan duk suka watse neman abinci, waya ma sai sun ga dama. Wadda ta rage masa ita ce Auta. Kullum da azahar za ta zo da kwanon abincinsa da 'yan matanta biyu, su hargitsa masa aljihun tebur, su hau kujerar aski su yi ta juyi, su ɗauki mataji su ce za su taje masa sanƙo. Mutumin da ke sa manya rawar jiki sai ka gan shi ya sunkuyar da kai ana shafa masa hoda. In sun makara, sai ya fito bakin ƙofa yana duban hanya, wai iska yake sha.

Mijin Auta tsohon ɗan bayan ƙungiyar ne, dogo, marar magana, ƙafafu kamar turame. Shekarun da ya yi yana wasa, ba zagin da bai sha ba daga bakin Akore. Da ya zo neman aure, Akore ya shigo shagona yana huci.

"Yaya, kin ji wanda ke son Auta? Mutumin da ya taɓa cin gidanmu da ƙeyarsa!"

Na ce, "Gidan ƙwallo ya ci, ba naka ba. Yarinya na son sa. Ka je ka wanke fuska."

Aka yi aure, gwiwa ta hana shi wasa, ya koma koya wa ƙananan 'yan wasa, kowa ya manta da shi.

Sai bara Akore ya jagoranci tawagarsa aka je aka tsige wani koci mai tumbi. Ya dawo yana tafiya kamar wanda ya ci yaƙi, har lemo ya saya mini, abin da bai taɓa yi ba. Washegari rediyo ta faɗi wanda aka naɗa. Ina jin sanda almakashi ya faɗi ƙasa.

Na leƙa na ce, "Barka, surukin koci."

Ya ce, "Yaya, don Allah."

Da farko abin ya zo da sauƙi. Sabon Koci ɗan baya ne, tunaninsa duk na baya ne: ya tara 'yan wasa a gaban raga kamar masu jiran mota, ba a ci su ba, su ma ba su ci kowa ba. Canjaras yau, canjaras gobe. Akore ya ce wannan shi ake kira gina ƙungiya daga tushe. Mutanen benci suka dubi juna. Ba su taɓa jin kalmar tushe a bakinsa ba.

Daga nan canjaras ɗin ma ya ƙare. Aka fara cin mu a waje, aka dawo ana cin mu a gida, ƙungiya ta gangaro ƙasan teburi har ana maganar faɗawa rukunin 'yan dagaji. Akore ya fara zuwa filin wasa da mayafi naɗe a baki, wai haƙori ke damun sa. Haƙorin nan ba ya tashi sai ranar wasa. A shago kuwa ya koma aski shiru kamar mai gyaran agogo, ya fara kai ya gama kai bai tambayi kowa komai ba. Amma in shago ya watse, ina jin sa ta katako yana share gashi yana magana da madubi ƙasa-ƙasa: "Ka cire ɗan gaba ka sa ɗan baya, ana cin ka biyu? Wannan ai a... a..." Sai ya yi tari ya ci gaba da shara.

Don gaskiyar magana, ya fi kowa sanin surukinsa bai iya ba. Abin da sauran ba su sani ba, ni Auta ta faɗa mini tana zaune ina rage mata riga. Wan mijinta yana da gareji a can wani gari mai nisa, tafiyar da sai an kwana a hanya, kuma ya daɗe yana kiran sa ya zo ya riƙe masa. Koci ya ce ranar da aka sallame shi ba zai ƙara kwana a garin da yara ke bin sa da waƙa ba. Zai kwashe iyalinsa su tafi. Har ta fara tambayar kuɗin manyan jakunkuna. Na ɗaga murya na ce, "Auta, maimaita, kekena na ƙara." Ta maimaita. A ɗaya gefen katakon, fanka kaɗai ke motsi.

Ranar da aka ci mu huɗu da nema, da la'asar shago ya cika har waje. Wanda ya ja zugar kuwa mahauci ne, mutumin da ya yi shekara da shekaru yana cewa a yi wa koci haƙuri. Na kashe keke, na ja kujerata bakin ƙofa, don irin wannan ba a jin ta ta katako.

Mahauci ya ce, "Akore, sa rigarka mai aljihu biyu. Gobe da safe za mu ofishin shugaba."

Akore yana wasa aska a jikin fata, bai ɗago ba. "Ai ƙungiya sai da haƙuri."

Wurin ya fashe da dariya. Wani direban bas da ake kira Birki ya riƙe ciki ya ce, "Jama'a, ku taimaka, an sace mana Akore an kawo wani!"

"'Yan wasan ne ba su da kishi."

"Da kake korar na baya, 'yan wasan daga sama aka sauko da su?"

"Filin ma duk rami ne."

"Abokan karawar a kan katifa suke bugawa?"

Wani daga baya ya ce ai Kocin nan bai san hagunsa da damansa ba. Wani ya ce hannunsa har rawa yake yi in zai nuna wanda za a canja. Birki ya ce ko makaho aka ba wa ƙungiyar nan zai lalubo ɗan gaba ɗaya. Akwai masu cewa a bar shi ya ƙarasa kakar wasa, canjin koci kullum shi ya kai mu inda muke, amma muryarsu ba ta wuce gwiwarsu ba. Kowa ya faɗi tasa, har da wanda bai taɓa sayen tikiti ba, ta kan katanga yake kallo.

Mahauci ya ɗaga hannu aka yi shiru. Ya ce, "Mu daina zagaye-zagaye. Kai ka koya mana cewa ƙungiya ta fi kowa. Ka kori mai tumbi, ka kori mai gilashi, ka kori wanda matarsa ke kwance a asibiti, ba ka ce haƙuri ba. Yau da abin ya zo kan mijin 'yarka, bakinka ya mutu. In ba za ka je ba, ka faɗa mana a nan, mu san ƙungiya kake bi ko kwanon azahar."

Maganar ta shige shi. Na san kuma in ya ce ba ya zuwa, za su je ba shi, shugaba kuwa ba ya iya jure hayaniya. In ya je, da bakinsa zai ɗora jikokinsa a mota. Na so in sa baki, amma na ce bari in ga abin da rainon da na yi ya haifar.

Ya gwada kaifin askar a bayan hannunsa, gashi ya zube. Ya dubi tsohuwar kujerar da ke kusurwa, wadda aka tara tawul a kanta tun tafiyar yaron shagonsa na ƙarshe. Sannan ya dube su ɗaya bayan ɗaya, a hankali, kamar mai zaɓen kankana.

Ya ce, "Zan je. Ni zan yi magana ma, kamar kullum. A kore shi, bai iya ba. Amma ku sani, ba inda zai tafi da 'yata. Ga kujera can, gobe zan kakkaɓe ta. Ni idona ya fara gajiya, daga yanzu gashin kai kawai zan riƙa yi. Gyaran fuska, da gemu, da nan ƙarƙashin maƙogwaro, duk na bar wa surukina, shi da askar nan. Mutumin da kuka ce hannunsa na rawa, bai san hagu da dama ba. Duk abin da kowa ya faɗa yau kuma zan gaya masa, da sunan mai shi. To, ƙarfe nawa za mu haɗu?"