Maganar da Yaya Ya Fara a Mota

Rediyo ake ce masa, don tun da ya buɗe shagon aski ba a taɓa ganin bakinsa ya huta ba. Kafin ya gama kai ɗaya ya ba da labari uku. Yana da shekara arba'in da uku wani da ya saba yi wa aski ya samo masa aiki a ƙasar waje, ya bar mata da 'ya'ya ya tafi shi kaɗai.

Yayansa, direban motar haya, shi ya riƙe shi tun rasuwar mahaifinsu, shi kuma ya kai shi filin jirgi. A hanya Yaya ya ce, "Akwai maganar da nake so mu yi."

"In wasiyya ce, don Allah kar ka bar min akwalar motar nan," in ji Rediyo. Yaya ya yi dariya har da tari, bai ƙara tayar da zancen ba.

Abin da ya fara tarar da shi a can shiru ne. Ya shiga bas ya gaida mutane, ba wanda ya ɗago kai. Ɗakinsa na hawa na huɗu, taga ɗaya, ita ma bangon maƙwabta take kallo. A shago kujera ta uku aka ba shi. Mai shagon, wata mata mai gilashi, ta manna hotunan aski a bango, kowa ya shigo sai ya nuna da yatsa. Kalma biyar Rediyo ya iya a yarensu.

Yini guda yana tsaye gaban madubi baki a rufe, sai ya fara ganin kansa: furfura a gemu, ido a faɗe. Ya lalubi abu ɗaya da wani ya taɓa faɗa masa cikin shekara ashirin yana aski, ya rasa. Nasa labaran kawai yake tunawa.

A sati na uku ya kira matarsa. Gajiya ta sa ya bar ta tana magana.

"Kana ji na kuwa?"

"Ina jin ki."

"Ikon Allah! Kai ne?" Sannan ta ce, "Yaya ba lafiya. Ciwon hanta ne, tun kafin ka tafi likita ya faɗa masa."

Nan take ya kira shi. "Haba Yaya, me ya sa ka ɓoye min?"

"Na fara faɗa, ka ce ba ka son mota." Muryar ta shaƙe, amma dariya yake.

Takardun zaman Rediyo ba su fito ba, in ya fita ba zai iya komawa ba. Ya ce duk da haka zai taho. Yaya ya ce, "Ka zo ka yi min me, aski? Zauna ka nema wa yara abin kansu."

Daga ranar, kullum lokacin hutun rana sai ya zauna bayan shago kusa da injin wanke tawul, ya kira. Yaya ya riƙa ba shi labarin mahaifinsu, yadda yake tafiya, yadda yake faɗa, ranar da ya goya Rediyo zuwa asibiti cikin ruwan sama. Wata biyu suka yi a haka.

Saƙon rasuwar ya shigo yana tsakiyar yi wa wani tsoho aski. Ya karanta, ya mayar da wayar aljihu, ya ƙarasa gyaran fuska, ya kaɗe masa wuya, sannan ya zagaya baya ya durƙushe.

Mai shagon ta same shi a nan, ta tambaye shi da yarenta. Bai san kalmar mutuwa a bakinsu ba. Ya nuna mata hoton Yaya, ya shafa nasa idon ya rufe. Ta cire gilashinta, ta jawo kujera ta zauna kusa da shi, ta nuna hoton tana tambayar suna.

"Yaya," ya ce.

Ta maimaita a hankali, ta ɗauka sunansa ke nan. Bai gyara mata ba.