Laftof ɗin da Na Riƙa Shanyawa a Rana

Ta kunnu! Tsohuwar laftof ɗin da aka ba ni ranar rufe masaƙarmu a Challawa ta tashi. Salamu alaikum, jama'a.

Shekara shida ba ta motsi, ga hotunan abokan aikina a ciki. Jikata Hauwa, mai gyaran kwamfuta, ta duba ta.

"Angona, me ya ƙona ta haka?"

"Shanya ta nake a rana, amarya. Ba haka ake wa batirin rediyo ba?"

Ta sha dariya, ta canja batiri. Sai ga hoton abokina marigayi Bulus yana murmushi.

Makarantar yamma na yi, ba a koya mana wannan ba: a ina laftof ɗin ta ɓoye shi duk shekarun nan? Masana, ku faɗa mini. Sauran, ku zo Panshekara ku gani.