Gurmin Kaka a Bakin Wutar Tsire

Kawu Hafizu ƙanen mahaifiyata ne, kuma shi ne autan Kaka Tanimun, makaɗin gurmin da ake kira wurin gayya a Tajaye da ƙauyukan kewaye. Ina rubuta wannan ne don kada wata rana jikoki su ji shi yana cewa shi ya gaji ubansa, su yarda.

Lokacin da Kaka ke da rai, Kawu ko taɓa gurmin bai yi ba. Cewa yake kiɗa roƙo ne, shi ya fi ƙarfin roƙo. Ya tafi Malbaza zai zama direban kamyon, babbar motar siminti, ya ƙare a gindin bishiyar tasha yana gaya wa direbobi yadda ake tuƙi. Ya yi sayar da katin waya, ya yi dillancin babur. Ko wanne ya bari, wai mutane ba su san darajarsa ba.

Da Kaka ya rasu, matarsa Kaka Delu ta rataye gurmin a ɗakinta, saman gado. Ƙaramin duma ne da fatar guza, wuyansa ya yi baƙi saboda hannu. Duk gidan mun san yadda Kaka Tanimun ke yi da shi in damina ta saki fatar: cusa shi yake cikin riga, ya manna a cikinsa, ya zauna yana hira har ɗumin jiki ya ɗaure ta. Muna yara mukan ce Kaka ya yi ciki.

A daminar bara wani mai bar, wato mashaya, a Malbaza ya shirya kiɗan gargajiya don direbobi, ba lasifika, ba wutar lantarki. Kawu ya kai kansa, ya ce shi ɗan Tanimun ne. Ya zo Tajaye ya ce wa uwarsa zai kai gurmin a canja masa tsirkiya. Ta ba shi da hannu biyu, har da addu'a.

Ranar ina Malbaza wurin Inna A'i, 'yar'uwar mahaifiyata kuma yayar Kawu, wadda ke sayar da shinkafa da wake a ƙofar bar ɗin. Ciki ban shiga ba, amma zana ce ta kewaye wurin, kuma zanar duk huji. Bayan magariba sai ga Kawu cikin babbar riga ta aro, da baƙin tabarau, rana kuwa ta faɗi.

Inna ta ajiye ludayi. "Hafizu, mi nike gani a hannunka?"

"Yaya, gadona ne."

"Gadonka? Kai da ka ce roƙo ne? Maida shi tun ban kira uwarmu ba."

"Ke dai ji da tukunyarki," ya ce, ya wuce.

Wani dattijo mai molo ya fara, ya yi kiɗinsa a natse, direbobi suna kaɗa kai. Sai aka kira Kawu. Ya daɗe yana gyara hula kafin ya taɓa tsirkiya. An yi ruwa da la'asar, fatar ta saki, abin da ya fito kamar ana buga katifa.

Wani direba ya ce, "Maigida, gurmin na mura ne?"

Aka fashe da dariya. Kawu ya ce su dakata, wannan sirrin gidansu ne. Ya taɓa ganin masu ganga suna gasa fata a wuta, iyakar saninsa ke nan. Ya nufi tukubar mai tsire.

Na leƙa ta zana na ce, "Kawu, a riga ake sa shi! A riga!"

Ya waiwayo ya ce, "Jamila, ke za ki koya mini aikin ubana?"

Ya miƙa gurmin saman garwashi yana juya shi kamar cinyar kaza, yana murmushi ga 'yan kallo. Fatar ta girme ni. Sai muka ji tas! Ta tsage daga baki zuwa baki. Mai tsire ya ce, "In ya nuna a sa yaji?" Mai molo bai yi dariya ba, ya dai sunkuyar da kai, don ya san Kaka.

Washegari Kawu ya yanko takardar buhun siminti, ya liƙe tsagar da gam, ya kai Tajaye ya ce gyaran da aka yi ke nan. Kaka Delu ta shafa takardar da yatsa, ta daɗe tana shafawa. Ba ta zage shi ba. Ta maida gurmin ƙusarsa, amma ta juyo facin waje, yana kallon ƙofa.

Yanzu duk wanda ya shiga gaishe ta sai ya tambaya, ita kuwa takan ce, "Aikin autana ne, makaɗi." Kawu in ya zo, daga tsakar gida yake gaisuwa.