Ganyen da Na Zuba a Titin Zagga

Direba ya taka birki, ya leƙo ta taga: "Kai samari, ina motar da ta lalace?"

Ni na zuba ɗanyen ganye a titi, irin wanda ake sawa in mota ta tsaya a gaba. Masu kai fetur iyakar Benin gudu kawai suka sani, ga Kakata kullum sai ta tsallaka zuwa rijiya.

Na nuna masa ita, tana dogara sanda. "Ga ta nan, Baba, tsohuwar ƙira ce."

Kaka ta ce, "Ja'iri! Ni dai ban taɓa kifewa da kowa ba."

Yana dariya ya jira har ta haye.

Sai dai awaki sun cinye min ganyen. Jama'a, mene ne akuya ba ta ci?