Amsar da na ba malamar 'yata

Ni makaniki ne a Suame Magazin, unguwar garejoji, Masta ake ce mini. A aji shida aka cire ni daga makaranta, kuma har yau ban yafe wa wanda ya cire ni ba. Shi ya sa da Allah ya ba ni 'ya mai kai, na rantse ita kam sai ta gama.

Shekarar korona aka rufe makarantu, aka ce karatu ya koma waya, ƙarfe goma na safe. Waya ɗaya ce a gidanmu a Ayigya Zango, tawa. Ƙarfe goma kuwa tana aljihuna, ina kwance ƙarƙashin trotro, motar haya, direbobi na ta kira. Yarinyar ba ta taɓa yin ƙorafi ba. In na dawo ta karɓa, ta goge baƙin mai da bakin zaninta, ta ga darasi ya wuce.

Wata Asabar malamarsu ta zo da takarda, wai ana bin gida-gida a ji yadda yara ke yi da karatun waya. Aka shimfiɗa mata tabarma, aka kawo ruwa. Baƙuwa ta shigo, wa zai amsa in ba mai gida ba? 'Yata na tsaye bakin ƙofa, kai a sunkuye.

"Masta, akwai waya a gidan?"

"Akwai."

"Tana samun darasi?"

"Alhamdulillahi, Madam."

Ta rubuta. Mu a Zango ba ma nuna wa baƙo rashinmu. Ashe duk layinmu haka iyaye suka amsa.

Bayan wata guda saƙo ya zo daga makaranta: tunda bincike ya nuna kowa na da waya, duk wanda ba a gani a darasi ba wasa ya sa gaba. Zai maimaita aji, babu jarrabawa. Sunan 'yata na ciki.

Ba ta yi kuka ba. Cewa ta yi, "Baba, ni aka zo tambaya, kai ka amsa."

Da kayan aiki a jikina na tafi makarantar. Na dire wayar a teburin hedimasta, Madam na gefe. Kafin in gama bayani wayar ta yi ƙara sau uku, duk direbobi ne.

"Kun ji? Ajin 'yata ke nan."

"To Masta, me ya hana ka faɗa?" in ji Madam.

"Ke me ya sa kika tambaye ni? Ni ne ɗalibin?"

Ta yi dariya, ta ce na ci. Ta sake zagaya Zango, wannan karon ɗakin uwaye take shiga, ta zauna da yaran su kaɗai. Daga nan aka janye saƙon, aka koma naɗar darasi a murya, yaro ya saurara in waya ta dawo gida.

'Yata ta zauna jarrabawarta, ta ci. Har yau in aka tambaye ni wani abu na yi saurin cewa Alhamdulillahi, sai ta leƙo ta ce, "Baba, na gaskiya ne, ko na baƙi?"