Irin Raken Mama Rifkatu

Daga gida zuwa Kano

Ana kiran assalatu na fito da jakata, na tarar Mama Rifkatu ta riga direba zuwa ƙofar gidanmu. Maƙwabciyarmu ce a ƙauyenmu da ke gefen Maƙarfi, matar marigayi Baba Ishaya mai mazarƙwaila, kuma mahaifiyar abokina Bulus, wanda ya tafi karatu Malesiya, ya gama, ya samu aikin otal, ya yi zamansa. Ni kuwa bikin kammala karatun ƙanena Nura zan je a can. Ta miƙo min wani ƙunshi cikin tsohon zane, ta ɗaure shi tamau.

"Habibu, wannan na ɗan'uwanka Bulus ne. Hannu da hannu."

"Mama, me zan ce masa?"

"Ba sai ka ce komai ba. Yana buɗewa zai gane."

Na san abin da ke cin ranta. Tun rasuwar Baba Ishaya fadamarsu ta rake take zaune, ciyawa ta rufe kaskon dafa mazarƙwaila. Baffan Bulus ya ce idan dashen bana ya wuce ba a ji daga yaron ba, zai ba wani attajiri hayar fadamar ya sa shinkafa. Mu kuwa mun sha ganin irin wannan haya, ba ta cika dawowa ba.

Ban buɗe ƙunshin ba. A wajenmu ba a buɗe saƙon mutane, ko da kuwa motsi yake yi. Na cusa shi tsakanin rigunana, muka kama hanya. A shingen Kwanar Dangora ɗan sanda ya leƙo, ya ga barci a idonmu, ya ɗaga mana hannu. Da yamma jirgi ya tashi da mu daga Kano.

Saukar Kuala Lumpur

Mun sauya jirgi a wata ƙasar Larabawa, daga nan lissafin dare da rana ya kuɓuce min. Na farka na ga teku a ƙasa, sai gonakin kwakwar manja jere a jere har iyakar gani, gajimare na tafiya a kansu a hankali. Ko ina kore shar. Na ce a raina, da Baba Ishaya zai ga wannan damshin, da ya nemi a sauke shi nan take.

A wajen bincike wata jami'a mai ɗan ƙaramin hijabi ta tambaye ni me ke cikin zanen. Na ce ban sani ba, saƙo ne. Ta dube ni irin kallon da ake yi wa wanda ya ce bai san sunansa ba. Dole na kwance. Curin mazarƙwaila ne, sai kan rake guda uku a naɗe cikin jiƙaƙƙen buhu, idanunsu har sun fara tsirowa. Irin fadamar Baba Ishaya ne, farin rake mai laushi.

"Wannan boleh," in ji ta, wato zai iya wucewa, ta turo min mazarƙwailar. Raken kuwa ta ce ɗanyen tsiro ba ya shiga ƙasar, saboda cutar amfanin gona. Cikin ladabi ta faɗa, kuma gaskiyarta. Ina tsaye aka tafi da saƙon Mama, wanda ta ce shi zai yi magana a madadina. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Jalan Semarak

Nura ya tarbe ni, muka hau jirgin ƙasa, sannan tasi zuwa masaukinsa kusa da jami'a, a titin Jalan Semarak. Da na ba shi labari sai da ya riƙe ciki don dariya.

"Yaya, rake ka kawo Malaysia? Seriously? Dubi can lah!"

A bakin titi wani mutum ne yake tura rake cikin inji, ruwan yana zuba kan ƙanƙara. Muka sha, muka wuce shagon mamak, wato gidan abincin Indiyawa Musulmi, muka ci shinkafa da aka dafa da ruwan kwakwa. Aka yi bikin Nura lafiya, aka ɗauki hotuna har kumatuna suka gaji. Amma ƙunshin da ya rage rabi yana nan a raina.

Bukit Bintang

Bulus ya ce in same shi a otal ɗinsu da ke unguwar Bukit Bintang da la'asar, kafin baƙi su fara zuwa. Na hau ɗan jirgin nan mai tafiya a sama kan doron siminti ɗaya, yana ratsa tsakanin benaye, ruwan sama na bin gilashi. A hawa na can sama na same shi bayan wata doguwar kanta, kwalabe a bayansa kamar kantin magani. A mashayar otal yake aiki. Na yi turus a bakin ƙofa.

"Shigo, Malam Habibu, ba mai ɗura maka," in ji shi, ya rungume ni. "Ruwan kwakwa zan ba ka."

Na miƙa masa mazarƙwailar. Ya kai ta hanci, ya daɗe bai sauke ba. Sannan ya janyo wata baƙar kwalba ya buɗe, ƙamshinta ya iso inda nake ba tare da na nema ba. Wallahi sai na ga rumfar Baba Ishaya: doki yana zagaya injin matsa, kasko yana tafasa, ni da Bulus muna jiran a ba mu ƙanzo.

"Ka ji ko?" in ji shi. "Ram ke nan, giyar rake. Ranar da na fara buɗe ta, toilet na shiga na yi kuka."

Ya zauna ya ba ni labarinta, ruwa yana ta zuba a kan birnin, dogayen benaye suna ɓacewa cikin hazo suna dawowa. Ya ce asalin rake daga tsibiran wannan yankin ne. Indiyawa suka koyi dafa shi ya zama sukari, Larabawa suka yi yamma da shi, Turawa suka haye teku da shi zuwa tsibiran Karibiyan. Can aka rasa masu sara, sai aka zo gaɓar Afirka ana kwasar mutane. Baƙin ruwa mai kauri da ke saura bayan an cire sukari, wanda a da ake zubarwa, shi aka bari ya yi tsami, aka dafa, ya zama ram. Aka zuba shi a ganguna, aka dawo da shi gaɓarmu, aka sayi wasu mutanen da shi. Sojojin ruwan Ingila ma, in ji shi, kullum sai an auna musu rabonsu.

"So ka gani, raken nan ya zagaye duniya kaf, kuma duk inda ya je sai ya ja mutane sun bar gida. Ni kuma na biyo shi har garinsu."

Nan na ga ba ni da mafita. Na faɗa masa abin da ke cikin buhun, da yadda aka karɓe, da maganar baffansa. Na san kan rake uku sun fi ni iya wannan magana.

Ya ɗauki tsumma yana goge kantar da ba ta da datti. "Contract ɗina bai ƙare ba, Habibu. Kuma ni ban sani ba ko zan iya noma yanzu." Can ya ce, "Gobe ka zo gida mu yi makan, mu ci abinci."

Sentul

Gidansa ɗaki ne a saman wani dogon bene a unguwar Sentul, ana hango layin dogo a ƙasa. Ya yi tapau ɗin soyayyar taliya, wato ya sayo a ƙunshi. Zafi ya ishe ni, na buɗe ƙofar baranda, sai ganye ya shafi fuskata.

Rake ne a cikin bokitin fenti, ya fi ni tsawo, ya sunkuya saboda rufi. Baƙi ne, irin na ƙasar. An cire masa busasshen ganye tas, an tara ƙasa a gindinsa, daidai yadda Baba Ishaya yake yi.

"A kasuwa na ga wata gaɓa mai ido," in ji shi, yana sosa ƙeya. "Kawai na kasa barinta."

"To me zan gaya wa Mama?"

Ya daɗe yana kallon jirgin ƙasa da ke wucewa. "Ka faɗa mata abin da ka gani."

Komawa gida

Na dawo ta hanyar da na bi, ina ta juya maganar a jirgi. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni, na gode wa Nura da abokansa da suka yi ta ɗawainiya da ni, har da jami'ar nan da ta yi aikinta.

Ban gama kwance takalmi ba Mama Rifkatu ta yi sallama. Na faɗa mata komai: an karɓe irin, Bulus bai ce zai zo ba, bai ce ba zai zo ba. Ta sunkuyar da kai. Sai na ba ta labarin bokitin.

Ta ɗago. "Yana cire masa busasshen ganye?"

"Tas, Mama."

"Gindin fa?"

"Ya tara masa ƙasa."

Ta goge ido da bakin zane, ta miƙe, ta gyara ɗaurinta.

"Bari in je wajen baffansa. Ba mai sa min shinkafa a fadama, hannun yaron nan bai manta ba. Ni zan dasa bana, ya zo ya tarar." Ta kai bakin zaure ta juyo. "Kai kuma da ka zubar min da iri, gobe da sassafe ka fito da fartanyarka."