Kwalba Biyu da Na Juye Wuri Ɗaya

Shekara huɗu na yi ina shara a wurin wani likitan haƙori a Yelwa, da aikin nake ciyar da 'ya'yana uku. Likitan mutumin Michika ne, ba ya ɗaga murya. Yana da wasu ƙananan baƙaƙen kwalabe na gam. In ya shafa wa haƙori, sai ya haska wata fitila mai shuɗin haske, gam ɗin ya daskare, sannan ya ɗora ciko.

Wata Laraba na ga kwalba biyu sun kusa ƙarewa. Na karanta jikinsu a hankali, yadda aka koya mana a ajin yaƙi da jahilci, na ga harufan farko iri ɗaya ne. Sai na juye su wuri ɗaya, kamar yadda nake yi da ragowar man gyaɗa a gida. Har daɗi na ji.

Da wannan gam ɗin aka yi wa wani direban motar Belel ciko a haƙorin gaba. Bayan kwana biyu ya dawo, cikon ya faɗi a hanya, idonsa ja wur saboda zogi. Ko sallama bai yi ba. Ya shaƙe wuyan likita, ya buga masa kai da bango, ya sake bugawa. Ya fizgi fitilar ya maka masa a baki. Jini ya wanke farar rigar likita.

"Fitilar wasan yara ka haska mini, ko? Ɗan damfara!"

Ina tsaye da tsintsiya. Na san in na yi magana, aikina ya tafi. Likita ya faɗi, mutumin ya ɗaga ƙafa zai taka masa fuska.

Na ce, "Ɗana, tsaya. Ni ce na haɗa maganin."

Marin da ya yi mini, har yau kunnena na hagu ba ya ji sosai. Masu keken haya da ke bakin ƙofa ne suka shigo suka ja shi waje.

Likita na zaune a ƙasa yana tofar da jini. Ya ce, "Mama, kowanne da haɗinsa fa. Ɗayan yana da tsami, shi ya kashe abin da ke amsa hasken. Ko yini na yi ina haskawa, ba zai kama ba."

Na ce ya yafe mini. Ya ce in miƙo masa auduga. Washegari ya sa wa kabad ɗin magani kwaɗo, ya bar mini sharar baranda da wankin tawul.